Ranar da Gwaggo ta zo tafiya da ni

Shekarun baya kaɗan, ina aji biyar na firamare, mahaifiyata ta haifi ƙanena. Ni ce 'yar fari, kuma ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Ƙofar Marusa, can na girma ina mulkin gida kamar hakimi. Mahaifiyata ma Anti nake ce mata. Sai da kakata ta rasu, ana dab da haihuwar, aka tattaro ni da ƙullin kayana aka maido ni gida. Wato a wata guda Allah ya ba ta yara biyu, kuma babu mai sauƙi a cikinmu.

Haihuwar fari gida ake tafiya wanka, ga masu karɓar jariri, ga masu dama kunun kanwa. Ta biyu kuwa a ɗakinki za ki yi. Bayan suna kowa ya watse. Yaron nan kuma da lasifika aka haife shi, in ya buɗe baki ko ladanin unguwarmu sai ya jira ya gama. Ni kuma kullum in ture kwano in ce miyar kakata ta fi.

Da farko tana yi mini faɗa, daga baya ta daina. Sai ta zauna a bakin gado da yaro a cinya, kunu ya huce a gabanta, tana kallon bango. Ta rame. Wani lokaci hawaye na zuba amma babu sauti. Mahaifina ya tambaya ta ce ciwon kai ne.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta kawo shawara. Ta ce yara biyu sun fi ƙarfin maijego, za ta rage mata kaya, ta tafi da babbar. Mahaifina ya amince. Ni na riga na san gidan Gwaggo, ko kyankyaso sai ya yi shara kafin ya kwanta. Na san kuma uwa ba ta magana a kan ɗan fari, abin kunya ne. Na ɗaure ƙullina da kaina, na zauna a tsakar gida ina jira.

Gwaggo ta yafa mayafi ta leƙa ɗaki ta yi sallama. Sai na ji muryar mahaifiyata ƙasa-ƙasa.

"Yaya, a bar mini ita."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "To, yau kuma 'yar fari ake so a fili? Ke da ko kanki ba ki iya riƙewa."

"An ɗauke ta sau ɗaya ban ce komai ba, Yaya. Ban san abincin da take so ba har yanzu."

Gwaggo ta fita ba ta ko kalle ni ba. Da na shiga ɗakin, mahaifiyata ta miƙo mini yaron, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Ba wai daga ranar ta warke ba. Ta daɗe a cikin wannan shirun, dangi kuma sun daɗe suna kiranta marar kunya, Gwaggo ma ta yi fushi ta ɗauke ƙafa. Sai yanzu nake gane cewa an zo rage mata nauyi a lokacin da ko tashi da ƙyar take yi, ta ƙi.

Ban taɓa yi mata godiya ba. Na san da na fara za ta ce in tashi in ba ta wuri.