Fangalin da Na Yafa a Tudu

Ina tsugune cikin fangalin irin albasata da safen nan sai ga Baba Umaru, maƙwabcinmu, riƙe da kwando, yana ta sosa ƙeya.

Da damina ta ja baya, kowa a nan gefen Wurno ya yafa irinsa a bakin gulbi, don ban ruwa ba wuya. Ni da matata Rahila muka durƙusa muka tambayi Ubangiji inda za mu yafa namu. Ba mu ji wata murya ba, amma duk lokacin da na tuna da tudun bayan gidanmu sai hankalina ya kwanta. Can muka yafa, muka dinga jidar ruwa a jarka, ana yi mana dariya. Ba ƙaramin haushi na ji ba.

Sai aka saki ruwan dam na Goronyo. Gulbi ya cika ya share irin jama'a kaf. Namu kuwa ya tashi kore shar, har ya fi ƙarfin gonarmu.

Baba Umaru ya ce, "Ishaya, wai mi ya kai ka tudu?"

Na ce, "Baba, tambaya na yi, Allah ya nuna mini."

Ya miƙo kwandon. "To cika min in samu na dashe. Baɗi in za ka tambaya, ka tambaya muna mu duka."

Na cika masa, na cika wa duk wanda ya zo, kuma namu bai ƙare ba. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Ku fa, wane ƙaramin abu kuka taɓa kai gabansa ya amsa?