Tulun da ke Bayan Motar Baba

Ranar wata kasuwar Shinkafi, a damunar farko bayan an fara Shari'a, wani mai sa ido kan dokar hana kiɗa a tashar Kaura ya leƙo tagar motarmu ya ce wa Baba, "Direba, an ji ganga cikin motar ga taka. In aka sake ji, ka gama lodi a nan." Ina zaune a baya kan buhun gero, na kasa kunne, domin motar nan ita ce tuwonmu.

Alhali ba ganga ba ce. Baba ya daɗe da kawar da kaset-kaset na kiɗa, wa'azi kaɗai yake sawa. Sai dai tun da can ya kafa babbar sifika a bakin wani tulun Inna, ya ɗaure shi a bayan mota don sauti ya yi kauri. Duk sanda malamin ya ɗaga murya sai tulun ya kama dum-dum, maganar ta nutse, na nesa ba ya jin komai sai bugu. A makon nan ko ciyawar awaki nake yanka, ko langa muke yi a ƙofar gida, da na ji ƙugin mota sai in tsaya in duba ko Baba ne ya dawo lafiya, ga yara sun cika mini kunne da labarin bulala.

Inna ta ce a fasa tulun a huta. Baba ya ce, "Tulu bai da laihi," ya kai motar wurin Iro mai gyaran rediyo. Iro ya jawo wani ɗan akwati mai maɓallai daga ƙarƙashin kujera yana dariya. "Kowace sifika da abincinta. Kun ba tulu muryar mutum, mi zai yi da ita?" Ya riƙa murɗawa a hankali yana saurare, ya rage wa tulun rabonsa, ya mayar da muryar ga ƙananan sifikun gaba, har muka fara jin numfashin malamin.

Kasuwa ta zagayo, mai sa idon nan ya sake leƙowa. Na dafa tulun. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Ƙara muna murya, direba, mu ma mu samu lada."

Yanzu shekaru sun ja, Baba ya rasu, tulun ma ya fashe. Kowane fasinja da wayarsa a kunne, mota tsit, ido yana kan daji saboda 'yan bindiga. Tsoron hanyar Shinkafi na yanzu ba shi da maɓallin da za a murɗa.