Darasin harbi a Alƙahira

"Ki tuna wurin da hankalinki ya fi kwanciya, sannan ki ja kunamar," in ji Kaftin, dattijon Bamisiren da ke koya mini harba ƙaramar bindiga.

Sai na tuna tsakar gidan Inna, da bishiyar lemun tsaminta. Shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tashi garinmu, ba wanda ya koma.

Na harba, harsashin ko allon da nake auna bai taɓa ba.

Ya ce, "Ma'alish, ba komai, Duktura. Da haka za ki ƙware, har ki samu lasisi."

Na ce, "A garinmu masu bindiga ba sa neman lasisi, Kaftin. Ka ba ni wani wurin da zan tuna."

Ya juya yana duban allon. Ko ku, wane wuri za ku ba ni?

Na ajiye masa bindigarsa, na ja ƙofa na fita.