Ranar da Na Yi Tafinta a Kan Murzuna

Shekarar da tsutsa ta cinye mana hatsi, ina koyarwa a lakwal a Tawa. Wani ma'aikacin noma ya zo daga Yamai zai je ƙauyenmu, wajen Kalfu. Ba ya jin Hausa, sai aka haɗa ni da shi in yi masa tafinta.

Manoma suka taru gindin itacen bedi. Ma'aikacin ya ware wani babban hoto: faɗa-wuta ce, launin ƙasa-ƙasa, da fararen ɗigo a fukafukanta. A gona ba ta fi farcen babban yatsa ba, amma a hoton ta kai tantabara. Ya faɗi wani dogon suna, ya ce masana suka raɗa mata saboda ɗigon nan, kuma ita ke haifar tsutsar. Sannan ya juyo gare ni da Faransanci: "Faɗa masu matsalarsu jahilci. Ko sunan abin da ke kashe su ba su sani ba."

Amma da na buɗe baki, cewa na yi: "Yana tambaya, kun san ta?"

Kawuna, wan mahaifiyata, ya miƙe da zangarniya a hannu. Ya murza ta sau ɗaya, ta zube kamar dusa, ba ƙwaya ko guda.

"Murzuna," in ji shi. "Ka ga abin da ya sa muke ce mata haka. Mu ba adonta muka duba ba, aikinta muka duba. Tun hatsi na fidda kai muka aika birni sau biyu. Ina kuke?"

Na juya maganar duka, ban rage komai ba. Mutumin bai ko ciro alƙalami ba. Ya duba agogo, ya ce a taru a ɗauki hoto. Aka jera tsofaffi masu yunwa, aka ce su yi murmushi!

Da motar ma'aikacin ta tashi na tsaya a baya. Kawu ya ce, "Ɗana, maganarsa ta farko ta fi taka tsawo. Me ya ce?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Da ka bar mu mun ji. Zagin namu ne, mu ke da amsa."

Har yau in na tuna, haushin mutumin nan nake ji, amma haushin kaina ya fi. Ban sake yi wa kowa tafinta ba.