Saƙon Manaja Daga Gombe

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da wani kawuna. Inna ce ta aike mu mu dubo Yaya. Tun da aka ba shi manajan injin gurzar auduga a Gombe, salla biyu ke nan bai leƙo gida ba.

Hanya ta sha sabuwar kwalta, sai manyan motocin siminti, ga gawarwakin ƙananan motoci a gefe. A Dukku muka sha fura. Tun da aka yi ƙarin albashin nan komai ya haukace, har mai nono sai da ta yi mana kallon ma'aikatan gwamnati.

Da isarmu Gombe muka nufi unguwar Shamaki, tsohon masaukinsa, aka ce ai ya koma gidajen da Turawa suka bari. Can muka same shi, shi kaɗai a ƙaton falo, yana juya cokali a shinkafa. Ya yi ƙiba, amma idanun nan sun faɗa.

Yaya bakanike ne tun tasowarsa, da kunne yake gane ciwon inji. Yanzu kamfani ya ce manaja ba ya taɓa baƙin mai, ba ya cin kwano ɗaya da leburori.

Washegari ya zaga da mu cikin kamfanin. Rabin injinan shiru, auduga jibge a fili, manoma sun gaji da jira suna juyawa da kayansu. Bai ko tambayi dalili ba. Wani dattijo Batangale, Baba Yohanna, wanda a da suke cin tuwo tare, ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe." Yaya ya kau da kai.

Ranar da za mu dawo, a tasha ya riƙe hannuna. "Ki roƙa min Inna ta yarda in koma bakanikena. Kujerar nan kashe ni take yi, ni kuma ina kashe wurin."

Tafiyar nan ta nuna min abu guda: in ran shugaba ba ya wurin aiki, har ƙarfe sai ya sani.

Na dawo na tarar da maƙwabta cike da tsakar gida, an zo jin labarin manaja. Na ja Inna ɗaki na faɗa mata saƙon yadda ya ba ni.

Ta ce, "Manajan ne zai koma baƙin mai? Ba da raina ba."

Ta gyara ɗaurin kallabi, ta fita tana ce musu yana nan lafiya, har ya yi tumbi.