Yadda Na Sake Ƙera Motar Kawu

Na haura shekara arba'in kafin na koma ƙera motoci. Ina yaro a Haɗeja na yi na kara kamar kowa, na yi na gwangwanin madara, da girma ya zo na watsar. Abin da ya dawo da ni wata damina ce da ruwa ya yanke hanyar ƙauyen da nake koyarwa, can wajen Guri. Aka rufe makaranta, na dawo gida na zauna. Wata rana da hantsi sai na tsinci kaina a zaure da almakashi da guntun kwanon rufi da iska ta ɓalle, ina ta yanka. Kafin ruwan ya janye na gama a-kori-kura guda, karkatacciya, ƙofarta ba ta buɗuwa. Ban ji daɗinta ba, sai na fara wata.

A hankali na gane cewa kyan abin yana ga awo. Nakan je tasha da tef ɗin tela in auna babbar mota, daga bamba zuwa taya, daga taya zuwa ƙarshen bodi, in dawo in rage komai daidai wa daida. Idan ka ƙara wa taya girma ko da kaɗan ne, mota ta koma abin wasan yara. Matata da farko dariya take yi in ta leƙo zaure. Daga baya ita ce ta tsinke wata tsohuwar sarƙar wuyanta ta ba ni duwatsu biyu farare, ta ce in gwada su a fitilun gaba. Suka zauna kamar don su aka yi su.

Motar da nake so in ƙera tun farko ta Kawu ce, yayan mahaifiyata. Tsohon direba ne. Ya yi shekaru yana jan wata gingimari mai bodin katako, koriya, an rubuta mata "Sai Mun Dawo" a goshi. Da ita yake kwaso bandar kifi daga Guri, da tattasai daga wajen Miga da Kaugama, ya kawo kasuwar Haɗeja, wani lokaci ya wuce har Kudu. A cikinta na fara fita daga gari, ina zaune a kan cinyarsa ina riƙe da sitiyari. Da ta tsufa ta daina tashi, 'yan gwangwan suka yanka ta gunduwa-gunduwa suka kwashe. Ko hotonta ba a ɗauka ba. Kawu ya koma zama da tsofaffin direbobi a gindin wata bishiyar maina kusa da tasha, kuma in aka ɗauko zancen motar sai ya juya ya kalli titi.

Ban gaya masa ba na fara. Na samo wata irinta da aka jingine a bayan gareji na auna. Ƙasan motar na yi shi da langa-langa, sifirin da ƙarafan tsohuwar lema. Tayoyi kuwa silifas na yanka, na bi su da reza ina fitar da zane ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka yi kanta. Gilashin gaba gorar ruwa ce. Bodin na fere shi daga akwatin tumatir, tsinke-tsinke, na goge da samfefa. Fenti ne ya fi ba ni wuya. Na shafa shi cikin danshi, ya kumbura ya yi ƙuraje, dole na kankare duka na jira rana ta buɗe. Rubutun goshi kuma babu burushin da ya yi masa, sai da na tsige gashi daga wutsiyar akuyarmu na ɗaure a tsinken tsintsiya.

Da na gama, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Tana sheƙi, ƙofofi na buɗuwa, tayoyi na juyawa. Na lulluɓe ta da ɗankwali na kai wa Inna, wato mahaifiyata, don ita ma ta sha shiga motar. Tana tsince shinkafa na ajiye a gabanta na yaye.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma ta wane ne?"

Na ce, "Inna, ta Kawu ce mana. Ga rubutun nan."

Ta yi dariya har ta ajiye faifai. "Wannan ai amarya ce. Ni ban taɓa ganin motar Yaya haka ba. Ina lotsawar da bijimi ya yi mata a gefen hagu? Ina igiyar da ake ɗaure ƙofar fasinja? Gilashin ma a tsage yake tun daga sama. Ga buta da take reto a baya. Kuma kafin ka gan ta, ka ji ƙaurin kifi."

Na koma gida da ita. Abin da na yi watanni ina gogewa, shi ake so in ɓata da hannuna. Na ajiye ta a kan kabad na yi kwanaki ina wucewa ina kallonta. Ranar da na yanke shawara, na ɗauki ƙaramar guduma na sa kan ƙusa a gefen hagu, na rufe ido na buga. Da na buɗe ido, a karo na farko na ga motar da na sani.

Daga nan aikin ya zama daɗi. Na ja tsaga a gilashi da bakin allura. Na murza zare na ɗaure ƙofa. Na kankare tsatsa daga tsohon kwano, na kwaɓa da gam na ɗiga a inda ruwa yake kwanciya. Na sauka bakin kogi na ɗebo baƙar laka, na shafa a tayoyi da ƙarƙashin bodi, na bar ta ta bushe ta tsattsage. Kujerar direba na goge tsakiyarta har soso ya leƙo. Matata ta saƙa kwanduna da kaba, kowanne kamar kan babban yatsa, muka gutsura bandar kifi ta gaske muka cika su. Saboda haka ne ma dole muka riƙa kulle motar a kabad, don kyanwar gidan ta sa mata ido. Butar kuwa murfin biro na fere.

Da Inna ta sake gani ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maza kai masa."

Bayan La'asar na je tasha. Kawu yana kan benci da abokansa, sandarsa a tsakanin ƙafafu. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye abin a kan tabarma na yaye ɗankwalin.

Wani tsoho mai jan gemu, abokin Kawu tun suna samari, shi ya fara magana. "La'ilaha illallahu! Ai ga Sai Mun Dawo!"

Kawu ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya sauko daga benci duk da ciwon gwiwa, ya zauna a tabarma. Ya sa ɗan yatsa ya shafa lotsawar nan. Ya buɗe ƙofar direba ya leƙa ciki. Sai ya sunkuya ya shinshina kwandunan, ya ɗago yana kallona.

"Kai, yaron nan," ya ce. "Har da kifin?"

Na ce, "Har da shi, Kawu."

Ya fashe da dariya, irin wadda na manta yana da ita, har hularsa ta zame. Ya juya ga mai jan gemu ya ce, "Ka tuna shekarar da ruwa ya shanye hanyar Guri, kowa ya tsaya a tudu? Wa ya ratsa?"

"Kai ka ratsa, amma da turi," in ji abokin. "Ni na tura, ruwa har ƙirjina."

"Ƙarya kake, a kan kaya kake zaune kana cin kifin mutane!"

Aka kwashe da dariya. Nan fa labari ya ɓarke. Kawu ya ɗora hannu a kan motar yana tura ta a tabarma, yana nuna yadda ya karya sitiyari ya kauce wa rami, yadda injin ya yi tari sau da yawa bai mutu ba. Direbobi matasa suka bar lodi suka zagaye mu, masu shayi da masu rake suka matso, wasu suna ɗauka a waya. Wani ya ce a buɗe bonet, na buɗe, ga injin da na haɗa da guntayen waya da kwalaye a ciki, aka yi shewa. Mai jan gemu ya kama hannuna ya ce lallai sai na yi masa tasa tifar, Kawu ya ce ya bi layi, ɗan ƙanwarsa ba na kowa ba ne.

Ni dai ina tsugune a gefe ina kallo. Na koyar da yara da yawa, an sha yaba mini, amma ban taɓa jin abin da na ji a yammacin nan ba.

Da rana ta yi sanyi na ce in ɗaukar masa ita zuwa gida. Ya ce ba wanda zai ja motarsa yana raye. Ya miƙo mini sandar, ya rungume motar da hannu biyu, muka bi ta bakin kasuwa a ƙafa, ina biye da shi. Hanyar ta cushe da masu babur da masu tura baro. Kawu ya tsaya, ya cika kumatu, ya yi ham da bakinsa mai ƙarfi har sau biyu.

"A ba babbar mota hanya!" ya ce.

Aka waiwayo, aka ga abin da ke hannunsa, aka dare gefe ana dariya, muka wuce.