Ranar da aka gan ni ina gudu a Dutse

A wata mujalla ta ɗakin karatun makarantarmu na karanta cewa a wasu ƙasashe, idan mutum yana da marar lafiya, sai ya shirya tsere, masu hali su ba da gudummawa. Abin ya burge ni. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko a waɗannan ƙasashe ana gaisawa a hanya.

Lokacin Inna tana kwance da ciwon daji. Likita ya ja ni gefe ya ce abin ya yi nisa, gashin na'ura da za a yi mata a asibitin Zariya sauƙi kawai zai kawo. Ni da yayata muka ƙudura kada ta sani, muka ce mata gyambon ciki ne. Malaman da muke koyarwa tare na gaya musu gaskiya. Kowa ya rantse zai riƙe, ya kuma je ya rantsar da wani.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, don haka kwamitin tseren da muka kafa don tara kuɗin gashin ya ƙare zamansa a kan maganar gwiwa: a rufe ta ko a bar ta. Malamin addini ya ce gajeren wando bai taso ba. Malamin motsa jiki ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya ci tsere da wandon shadda ba. Dogon wando ya yi nasara. Ni har hula na sa, kada a ce malamin Turanci ya zautu.

Abin da kwamitin bai tattauna ba shi ne, a garinmu magidanci ba ya gudu. In ka ga mai gemu da iyali ya sheƙa da safe, to ko gobara ce ko rasuwa.

Ranar tseren, ɗaliban da muka tashi tare suka yi gaba suka bar ni ni kaɗai, babu wata alamar cewa tsere ake yi. Wajen kasuwa sai ga aminin marigayi mahaifina a kan keke, dattijon da ban taɓa wuce shi ban durƙusa ba. Na durƙusa. Gumi na kwarara daga idona, numfashi ya ƙi ara min ko kalma ɗaya.

"Kai, ɗan nan, ya mai jikin?"

Na buɗe baki, sai haki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kada ka ce komai. Ni zan sanar."

Na ɗaga hannu in tsayar da shi, ya ɗauka godiya ce. Mutumin da kullum yake tuƙa keke kamar yana tausayin hanya, ran nan ya fi ɗalibaina sauri. Na bar tseren na bi shi ina kira, abin da ya ƙara tabbatar wa ’yan kasuwa labarin.

Kafin in isa gida an shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Maza suka miƙe suna ba ni hannu.

"Tana da rai!" na ce.

"Haka ne, Malam," in ji wani maƙwabci. "Sai haƙuri."

Mata kuwa sun shiga da kuka, suka tarar da Inna a zaune tana shan kunu. Sai dai kafin su gan ta, ita ta ji su tun daga tsakar gida: wata tana cewa ai dama likita ya ce dajin ya gama cin ta, ba za ta ga azumi ba.

Da suka watse da kunya, Inna ta sa aka kira ni. Na zauna bakin ƙofa, hular a hannuna.

"Mai shayin bakin titi ya sani?"

"Ya sani, Inna."

"Mai keke ma ya sani. Ni mai cikin ce ba a ga dama ba."

Na fara bayanin cewa gudun tayar mata da hankali muka yi. Ta katse ni.

"Malam mai karatu. Ina da ƙanwa a Buji, mun yi shekaru ba ma ga-maciji. Ina ta cewa sai na warke in je. Da haka za ku bar ni in tafi ban nemi gafararta ba?"

Ta ɗauki kofinta ta kurɓa.

"Zariya ta jira. Gobe ka kai ni Buji. Kuma ka nemo mota, na ga abin da ƙafarka take jawowa."